Kwalabe Biyu a Gindin Rumbu

Wani yaro ne aka kawo shi ƙauyen Ƙarfi daga Funtua, gidan kawunsa Maitama. Gidan babu yara. A makaranta ma, in an fita tara, shi kaɗai yake zama a gindin dalbejiya. Kaɗaici ya ishe shi.

'Yan ajinsu suna yayin liƙa hotuna a bangon littafi. Shi ko ɗaya ba shi da shi.

Rannan ya ga kwalabe biyu a gindin rumbu, iri ɗaya sak. Takardun jikinsu sai ƙyalli suke yi. Ya jiƙa su da ruwa, ya sa farce ya ɓamɓare, ya liƙa a littafinsa. Washegari ya yi ta buɗe littafin a aji. Ko kallo bai samu ba, bawan Allah.

Da yamma Kawu ya ɗauko injin feshi.

"Kai, ina takardun kwalaben nan? Ɗaya maganin ƙwari ne, ɗaya na kashe ciyawa."

"Ban sani ba, Kawu."

Kawu ya jujjuya su, ya ce, "Ina jin wannan ce ta ƙwari." Ya fara da gayaunar yaron, ɗan filin waken da ya yanka masa. Babbar gona sai gobe.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da safe yaron ya tarar da wakensa ya ƙone ƙurmus. Nan ne fa yake zuwa ya zauna in kewar gida ta taso masa. Ya ruga yana kuka, ya miƙa wa Kawu littafin.

"Ni na cire su. Na ɗauka in na samu hotuna, yara za su kula ni."

Kawu ya duba takardun. Can ya ce, "Da na fara da babbar gona fa? Da wani ya zaci abin sha ne fa? Ni ma na yi ganganci da na yi feshi a kan zato."

Ya jawo shi jikinsa. "Ashe haka kake ji, ba ka faɗa ba? Na ba ka kunyoyin shuka uku a gonata. Gobe zan kira Talha ɗan maƙwabcinmu, ku yi noma tare."

Kafin wake ya yi fure, shi da Talha sun zama aminai.

Yara, takardar jikin kwalba ba ado ba ce, ita ke faɗin abin da ke ciki. In kun yi kuskure kuma, ku faɗi gaskiya tun kafin ɓarna ta auku.