Ranar da Inna Ta Zubar da Maganin Hashimu

Ummukulthum na tsugune a bakin murhu tana dama koko, rabin hankalinta na kan mijinta Hashimu da ke jingine da bango yana gyangyaɗi, ga rana ta ɗaga. Sati uku ke nan da likita ya ɗora shi a kan maganin farfaɗiya, ciwon da ya same shi tun faɗuwar da ya yi a babur bara. Ciwon ya lafa, amma maganin ya zo da nasa. Ga jiri, ga barcin da ba ya ƙarewa, in ya miƙe sai tangaɗi. Likita ya gaya musu da ma za a yi haka kafin jiki ya saba, ya kuma ja kunnensu kada a yanke maganin ko na kwana ɗaya.

Inna Sadiƙa, mahaifiyar Hashimu, ba ta san wannan karatun ba. Abin da ta sani shi ne ɗanta da a da yake riga kowa isa gonar tumatir a Watari yanzu ya koma kamar ɗan maye. Matan unguwa kuwa sun samu abin yi. Wasu su ce ƙwaya yake sha, wasu su ce matarsa ce ta shanye shi. Da ma Inna ba ta so auren ba, nacin Hashimu ne ya sa ta haƙura.

Da safen nan ta shigo ko sallama babu, ta ɗauke ledar maganin daga kan taga.

"Kin kashe min yaro da ransa," in ji ta. "Yau zan ga ƙarshen wannan abin."

Ummukulthum ta durƙusa tana roƙonta da girman Allah, tana maimaita abin da likita ya ce. Inna ta wuce ta watsa maganin a masai. Hashimu ya buɗe baki, kallo ɗaya uwarsa ta yi masa ya sunkuyar da kai. Kafin azahar an kira Baba Nababa, ƙanin mahaifinsa, aka yanke cewa Ummukulthum ta tafi gidan iyayenta a Makoda sai an neme ta.

Kullum sai ta kira Hashimu a waya ta roƙe shi ya sayi wani maganin. Shi kuwa ya ce kansa ya washe, ya koma gona, kuma Inna ta ce in ya sake sha ba ta yafe masa ba. Rana ta biyar, yana gyara bututun injin ban ruwa, ciwon ya buge shi ya faɗa magudanar ruwa da fuska. Maƙwabtan gona ne suka jawo shi. Jijjigar ta ƙi tsayawa, wannan na lafawa wata na tasowa, har aka kai shi asibiti a Kano bai san inda kansa yake ba.

Da labari ya iske Ummukulthum ba ta yi kuka ba. A cikin mota ta ɗauki alwashi cewa ko Hashimu ya tashi ko bai tashi ba, sai Inna ta ɗanɗana abin da ta ɗanɗana mata. Ta iske dangi cike da barandar asibiti, ta gaida kowa, ta tsallake surukarta kamar ba ta gan ta ba. Kwana biyu ta yi a gefen gadonsa kafin ya buɗe ido. Da likita ya zo zagaye, sai da ta tabbata Inna da Baba Nababa suna kusa sannan ta ɗaga murya.

"Likita, don Allah ka faɗa a gaban iyayensa, me ya jawo wannan?"

Likitan ya ce yanke maganin da aka yi rana tsaka ne, kuma Allah ne ya yi da sauran kwana. Ya ce jirin da barcin duk suna da mafita. Da sun dawo masa, da ya rage ƙarfin maganin, ya mayar da kaso mafi yawa lokacin kwanciya, a riƙa sha bayan an ci abinci, in ya ƙi a canza wani. Ya ce in ƙuraje suka feso ko baki ya yi gyambo a kawo shi a ranar, sannan ban da hawa babur, ban da shiga ruwa shi kaɗai. Inna ta zame ta zauna a ƙasa. Ummukulthum ta dube ta, ta ji wani sanyi a ranta, ta kuma ji bai ishe ta ba.

Kwanon tuwon da Inna ta kawo, a rufe ta mayar mata da shi. Da aka sallame su ta ce gidan mahaifinta za a kai shi jinya, babu wanda ya iya musa mata. Sau uku Inna ta hau mota ta zo Makoda, sau uku tana zama a zaure a ce mata mara lafiya yana barci. Ummukulthum har ta fara shirin kai ƙara wajen dagaci, don a wanke sunanta a gaban garin da aka ɓata shi.

Sabon tsarin maganin ya karɓi Hashimu, jirin ya ragu, tafiyarsa ta miƙe. Amma ya daina cin abinci sosai, kullum sai rama yake. Wata rana da la'asar ta kawo masa fura, ya riƙe kwanon bai sha ba.

"Ummu, kin yi min abin da ba zan iya biyanki ba," ya ce. "Amma ramuwar nan a jikina kike yin ta. Uwata ce."

Ta fita ta yi kukan da ba ta yi ba tun farkon abin. Mahaifinta, Malam Hadi, ya same ta a gindin darbejiya. Ya ce ya zuba mata ido ne don ya san an cuce ta, amma rashin sani ne ya sa Inna ta yi nata, ita kuwa da saninta take yi. Ya tuna mata likita ya ce damuwa ma tana tayar da ciwon.

Zuwan Inna na huɗu, Ummukulthum ce da kanta ta fita zaure. Ta iske tsohuwar ta zabge, idanu sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ta, murya a ɗaure.

"Ban zo ki yafe min ba, 'yar nan," in ji Inna. "Ki dai koya min lokutan maganin, ko ba kya nan kada ya wuce shi."

Ummukulthum ta kama hannun Inna ta shigar da ita ciki.

Bayan sati biyu suka koma gida. A wani taron suna, Inna ta miƙe cikin mata ta faɗi da bakinta cewa ita ta zubar da maganin, ita ta kusa hallaka ɗanta, kuma duk wadda ta sake taɓa sunan surukarta da ita take. Hashimu ya koma gona tare da ƙaninsa Sabiru, ya shekara bai faɗi ba.

In magani ya zo da wahala, wajen likita ake komawa, ba a yanke shi da ka. Wanda aka zalunta kuma ya yi haƙuri, domin ramuwa takan tsallake mai laifi ta sauka a kan wanda kake so.