Layin Gawayi a Tsakar Gida

"Abban Khairat, mene ne wannan kake zana min a tsakar gida?"

Haidar bai ɗago ba. Yana tsugune da guntun gawayi a hannu, yana jan layi tun daga bakin rijiya har gindin lemon tsami, yana haki kamar wanda ya dawo daga noma. Mutumin da likita ya ce ko bokiti kada ya ɗaga!

"Zo ki gani, Ibtina. Daga nan zuwa can naku ne, ke da Khairat. Sai a ja katanga, a fasa muku ƙofa ta lungu..."

"A ja katanga yaushe?"

Ya ci gaba da jan layinsa.

"Na ce yaushe? Faɗi mana, tunda bakinka ya iya!"

"Bayan raina."

Ban san lokacin da na suri bokitin ruwan wanke-wanke na sheƙa a kan layin ba. Na ɗauko tsintsiya na bi shi ina gogewa, ina kuka, ina masifa, har sai da ko ɗigon baƙi bai rage ba.

Shekararmu goma sha ɗaya da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Khairat 'yar yayata Ramatu ce. Ramatu ta rasu wajen haihuwarta, uban kuma ya riga ta da wata huɗu a hatsarin mota. Kwananta bakwai a duniya aka miƙo min ita, kuma a ranar Haidar ya dasa lemon nan, wai su girma tare. Gidan namu ɗan ƙarami ne a unguwar Kwarbai cikin birni, ɗaki uku da zaure. Da allura ya saye shi, don ɗinkin hannu na manyan riguna yake yi tun yana yaro.

Sai ga ciwon zuciya ya sallamo. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya zama aiki.

Ya lallaɓa ya zauna a kan turmi, ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Ibtisam, ki saurare ni da kunnen hankali. Khairat ba ta da gadona, kin sani. Riƙo daban, haihuwa daban. Amma Allah ya ba ni dama in yi mata wasiyya da kashi ɗaya cikin uku. In aka haɗa da rabonki, rabin gidan nan ya zama naku. In kuwa ban faɗa a gaban shaidu ba, abin da zai zo hannunki ko katanga ba zai ɗauka ba. Sayar da gidan za a yi a raba."

"A sayar ɗin! Kai nake so, ba jan ƙasa ba."

"Malamin unguwarmu kawai zan kira, Malam Jumare, da mutum biyu. Ko awa ɗaya ba za a yi ba."

"Baba ma ko awa ɗaya bai yi ba!"

Nan ne ciwon yake. Mahaifina lafiyarsa ƙalau ya tara malamai a zaure wata ranar Alhamis ya yi wasiyyarsa. Ni na kai musu ruwa, ina 'yar shekara goma sha huɗu. Ranar Asabar aka fita da shi a makara. Na yi Islamiyya, na san camfi ne, na san ajali ba ya karanta takarda. Amma sani daban, tsoro daban.

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinsa. "Ka yi min alkawari. Ba za ka kira kowa ba, ba za ka faɗa wa kowa ba, sai ranar da na ce na yarda."

"Haba rabin raina..."

"In dai kana sona!"

Ya daɗe yana kallona. Ya sa babban yatsansa ya share min hawaye, har ya bar min baƙin gawayi a kumatu.

"Na yi alkawari," ya ce.

Da na sani da ban roƙa ba. Haidar tela ne, amma bai taɓa saɓa alkawari ba. Abokansa har tsiya suke masa, wai ya ɓata musu sana'a, ya sa mutane sun fara zaton in tela ya ce Laraba to Laraba ce.

Wata biyar muka yi a haka. Lokaci-lokaci in na ajiye masa abinci sai ya kama bakin zanena.

"Ibtina, kin yarda?"

"Ci abincinka kafin ya huce."

"To gobe fa?"

"Allah ya kai mu goben."

Sai ya yi murmushi ya saki. Ni kuma in koma madafa ina jin kamar na ƙara masa kwana guda da hannuna. Wauta ke nan, ga ta tsirara, amma a lokacin soyayya nake kiranta.

Wata Laraba da la'asar yana zaune a gindin lemo da rigar wani ango a cinyarsa. Sau uku yana kai zare bakin allura yana kuskurewa. Khairat ta dawo daga Islamiyya, ta ajiye jaka, ta karɓa ta zura masa.

"Abba, ka tsufa!" ta ce tana dariya, ta ruga ɗaki.

Ya bi ta da kallo. Sai na ga hawaye na sauka a kan rigar mutane, shi da ko a rasuwar mahaifinsa ban ga kukansa ba.

"Ibtisam, wallahi ban ji tsoron kabari ba kamar yadda nake tsoron ranar da yarinyar nan za ta tsaya a ƙofar gidan nan ta yi sallama kamar baƙuwa."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa masu kumburi, na ɗora kaina a gwiwarsa.

"Na yarda."

"Me kika ce?"

"Na ce na yarda, kurma! Kira su."

Ya yi dariya har da tari. "Alhamdu lillahi! Gobe da safe ke nan..."

"A'a! Ba gobe ba. Gobe Alhamis ce. Ka bari sai jibi, bayan an sauko daga masallaci."

"Ibtina, ranakun duk na Allah ne."

"Kwana ɗaya tak na roƙa. Don Allah."

Ya shafa kaina. "Shi ke nan. Juma'a."

Ranar Juma'a tun da safe ya yi wanka, ya sa farar rigarsa wadda ya yi wa aiki da hannunsa, ya fesa turare kamar mai zuwa zance. Har na tsokane shi na ce ko Malam Jumare ya yi masa alkawarin 'ya ne. Na dama kunun zaƙi saboda baƙi, na shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Da hantsi yana zaune a gindin lemo ya ce, "Ibtina, miƙo min ruwa."

Randar tana bakin madafa, taku goma ba su cika ba. Na dawo da kofi a hannu na tarar ya jingina kansa da itacen, idonsa a lumshe.

"Abban Khairat, ga ruwan... Abban Khairat? Haidar!"

Malam Jumare ya zo gidanmu ranar kamar yadda aka shirya, shi da mutum biyun. Su suka yi masa wanka.

Na yi takaba a gidan, wata huɗu da kwana goma. Bayan na fita aka zauna rabon gado a zaure: Hajiya Uwa mahaifiyarsa, Yaya Inuwa wansa, Malam Jumare, sai ni a bakin ƙofa cikin hijabi.

"Allah ya gafarta Malam, ya faɗa min," na ce. "Ya ce kashi ɗaya cikin uku na Khairat ne. Har layi ya ja a tsakar gida."

"Ni na yarda da ke, 'yata," in ji Malam. "Amma ni cewa kawai ya yi yana da magana, bai faɗi ko wace ba. Shaidarki ke kaɗai ba ta tsayar da wasiyya, sai in magada sun amince don kansu."

Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Damina ta ci katangar ɗakinta, a ɗakin jikoki take kwana. Yaya Inuwa kuwa 'ya'yansa tara a ɗaki biyu. Na so in tsane shi, wallahi na so, amma ban samu ta inda zan kama ba.

"Ibtisam, kin san halin da muke ciki," in ji Yaya Inuwa. "Da a gaban mutum biyu ya faɗa, na rantse ko allurarsa ba zan taɓa ba. Mutumin da ya yi wata da watanni yana jinya, me ya hana shi?"

Na ɗago kaina.

"Ni ce," na ce. "Ni na hana shi."

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Aka sayar da gidan. Muka koma Tukur-Tukur, ɗaki guda a gidan kawuna, ni da Khairat da keken ɗinkina. Ban sake bin ta Kwarbai ba, ko a Keke Napep sai in ce a zagaya da ni.

Ita ce ta je. Makarantarsu tana cikin birni har yanzu. Wata rana ta dawo a makare, idanunta jajir, ta zauna a bakin katifa ko takalmi ba ta cire ba.

"Ina kika tsaya?"

"Gidanmu na je, Umma. Na ga lemon Abba ya leƙo ta katanga, ganyensa duk ya bushe. Na ce bari in ba shi ruwa."

"Sai me?"

"Na yi sallama..." Ta haɗiye kuka. "Wata mata ta fito ta ce, 'Yarinya, wa kike nema?'"

Na rungume ta. Maganar da ya kamata a faɗa an riga an faɗa min ita a gindin lemon nan, ni na ƙi ji da wuri.

Washegari na sa hijabi na nufi zauren Malam Jumare. Na roƙi kawuna da maƙwabcinsa suka raka ni. Abin da na mallaka bai taka kara ya karya ba: rabona na kuɗin gidan, keken ɗinki, da 'yan kunnen aurena. Amma ni ma Khairat ba ta da gadona, 'yar 'yar'uwa ce, ga 'yan'uwana maza a raye.

"Kashi ɗaya cikin uku na duk abin da na bari, na Khairat ne," na ce. Sai na ji kamar takun masu makara a bayana.

Malam ya gyara tabarau, ya buɗe biro, ya dubi shaidu. "Madalla. Bari mu sa kwanan wata. Yau wace rana ce ma?"

"Alhamis," in ji kawu.

Malam ya ga yadda na dafe bango.

"Ko mu bari sai gobe, 'yata? Na ga kamar ba ki da lafiya."

Hawaye suka ɓalle min. Na girgiza kai.

"Rubuta, Allah ya gafarta Malam. Na taɓa jiran Juma'a sau ɗaya."