Tukunyar Farko a Ɗakin Ƙarshe

Wani sashe na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta watan, na manta sunan mai gidan da muke haya a wurinsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son goro. Abin da ya rage shi zan faɗa.

Shekarar da aka yi ta rufe gari ce, wadda ake kira vil mort. Douala ta kwana ta tashi ba taksi, ba kasuwa, sai hayaƙin taya. Ni kuwa na gaji da yawon karatu, daga Garwa zuwa Ngaundere, na sauka unguwar New Bell ina taya wata 'yar ƙungiya aiki. Iyalan da aka watso wa kaya waje muke tsugunarwa a wasu ɗakunan katako, bayan layin dogo.

Shugabarmu Hadija ce, ungozoma, mai faɗa da dariya a haɗe. Ita ta kafa mana ƙa'ida. Ta ce wanda aka taɓa kora ba ya yarda da makulli, da ƙunshinsa yake kwana. Don haka duk wanda ya kai iyali ɗaki, ba ya tambayarsu daga ina suke. Zai ce, "Nan gidanku ne, ba mai tashinku." Sannan ya zauna ya ci daga tukunyarsu ta farko, ba ya fita sai matar gidan ta sallame shi. Da haka su zama masu gida, shi ya koma baƙo.

Ranar, gab da magariba, ta ɗora mini shinkafa da gawayi, ta miƙo fitila.

"Malam, akwai mace da yaranta a bakin kwalbati. Ka kai su ɗakin ƙarshe. Kada ka tsaya wa'azi a hanya, na san halinka."

"Hajiya, wa'azi da buhu a ka?"

"Kai? Ko da jirgi a ka za ka yi."

Kwalbati biyu ne a hanyar. Ban tambayi wanne ba.

A na farko na same su. Mace doguwa, wani tsoho, da yara a rakuɓe. Duk sun jiƙe sharkaf, alhali ruwa ya ɗauke tun hantsi. Na yi sallama, suka amsa ta cikakkiya.

"An cike mana gida," in ji matar, a hankali.

Ban gane ba. Ban kuma tambaya ba, ƙa'ida ta hana. Na shiga gaba suka biyo ni. Ina jin takalmina a cikin taɓo, nasu sawun ban ji ba.

A ɗakin na kunna fitila, na shimfiɗa tabarma, na faɗi abin da muke faɗa.

"Nan gidanku ne, ba mai tashinku."

Tsohon ya sauke numfashi mai tsawo. Ƙofa ta rufu a bayana, a hankali, kamar uwa na ja wa ɗanta mayafi.

Matar ta ɗora tukunya a kan gawayin. Ba ta hura wuta ba. Tukunyar ta fara tafasa.

Ba ƙanshin shinkafa ba ne. Warin laka ne, da ƙaguwa, da ruɓaɓɓen ganye.

Na ji sanyi a tafin ƙafata. Ruwa ne ke ɓulɓulowa ta tsakanin katakai. Baƙi. Ya rufe tabarma, yaran suka miƙe ƙafafu a ciki suna murmushi.

Aka kira magariba. Masallacin yana nan kusa, amma muryar ladan ta zo kamar daga ƙasan rijiya.

Na miƙe na tura ƙofa. Kamar na tura dutse.

Na fara Ayatul Kursiyyu. Ban kai tsakiya ba tsohon ya taɓa gwiwata.

"Ka tsallake, Malam," ya raɗa. Ya gyara mini, ya ƙarasa ta da ƙira'a mai kyau.

A nan na san ba ni da sauran abin riƙewa.

Ruwa ya kai gwiwa.

"Baiwar Allah, ki sallame ni. Salla."

"Ba ka ci ba. Ƙa'idarku ce."

"In na ci fa?"

"Wanda ya ci namu, namu ne. Kada ka damu, akwai wuri."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ta ɗebo, ta dunƙula, ta sa mini a tafin dama. Sanyi ya ratsa har kafaɗa.

Ruwa ya kai ƙugu. Fitila ta fara lumshewa.

Hannuna ya tashi da kansa.

Lomar ta kai haɓa.

Sai aka buga ƙofa, can nesa.

"Malam! Wa ka sa a ɗakin nan?" Muryar Hadija ce. "Ga Iyatu, matar da na aike ka ka ɗauko, na tsinto a ɗaya kwalbatin! Ruwan sama ya sauko, jaririnta na rawar sanyi!"

Jaririn ya tsala kuka.

Doguwar matar ta juya kai. Tukunya ta daina tafasa.

"Su ma tashinsu aka yi?"

"Tashinsu aka yi."

"Ina za su kwana?"

"Ban sani ba. Sai na fita na nema musu."

Ta dubi yaranta, ta daɗe. Kukan yana ta shaƙewa.

"Ka ce ba mai tashinmu."

"Na faɗa, kuma yana nan."

Ta ɗauke lomar daga hannuna.

"Je ka. Na sallame ka."

Ƙofa ta saki. Na faɗo a ƙafar Hadija, ina tari, jiƙe har ƙugu. Ko ɗigo bai biyo ni waje ba.

Iyatu da yaranta a ɗakina suka kwana, ni na koma barandar masallaci. Washegari Hadija ta ce ɗaki ba ya zama banza mutane na kwana a titi. Na ce na ba da magana. Ta je ta kara kunne a ƙofar. Ban san abin da ta ji ba. Ta dawo ta ce, "To, iyali ne." Ba ta sake zancen ba, sai dai ta gyara ƙa'ida: a tambayi mutum daga ina yake kafin a ba shi gida.

Tafin damana har yau ba ya ɗumi, ko na kara shi a wuta.

Da gari ya buɗe, na bi magudanar kwalbatin da ƙafa har wajen unguwar Nylon. Na iske fili, jar ƙasa sabuwa. Na tambayi tsofaffin unguwar, na kuma sami direban tifar da ya zuba ƙasar. Bakinsu ɗaya. Ba a taɓa gina gida a wurin ba. Tafki ne mai zurfi, suka cike shi ana gab da rufe gari.