Ranar da Baba Ya Yi Alƙalanci

A garin Imabari na ƙasar Japan akwai wata yarinya 'yar aji biyar, gwanar ƙwallon sanda, wato besbol, wasan da ake buga ƙwallo da sanda a ruga daga zango zuwa zango. Ita ke tsaron zangon farko a ƙungiyar makarantarsu. Ba abin da take so kamar wannan wuri. Ta iya, kuma ta san ta iya. To, nan fa gizo ke saƙa.

Zangon farko faifai ne mai launi biyu. Rabin fari na mai tsaro ne, rabin ja na mai gudu, don kada su yi karo. In ƙwallo ta riga mai gudu isa hannun mai tsaro, mai gudu ya fita; in ya riga ta, ya tsira.

Iyaye maza ke karɓa-karɓar alƙalancin wasa. Wata Lahadi layi ya zo kan babanta.

"Yau kakarmu ta yanke saƙa," ta ce wa ƙawayenta. "Baba ne a zangona."

A zagayen ƙarshe, wata 'yar ƙarama daga ɗaya ƙungiyar, mai suna Cinatsu, ta buga ƙwallo ta sheƙo da gudu zuwa zangon farko. Yarinyar mai tsaron zangon ta ga Cinatsu za ta riga ƙwallo isowa. Sai ta ɗora ƙafa kan jan, ta tare hanya. Suka yi karo. Cinatsu ta faɗi. Sannan ƙwallo ta iso safar hannun yarinyar.

Ta dubi babanta tana murmushi.

Baba ya buɗe hannuwa. "Ta tsira. An tare mata hanya."

Daga nan aka cinye su.

Da aka tashi, kowa ya jeru ya cire hula, aka rusuna wa alƙalai. Ita kuwa ta tsaya ƙiƙam. Koci Kuwahara ya gan ta.

"Wadda ba ta rusuna wa alƙali ba ta da wuri a filina," in ji shi. "Ajiye safarki."

A gida ta ƙi taɓa shinkafarta.

"Baba, ni ba 'yarka ba ce?"

"A gida 'yata ɗaya ce," in ji Baba. "A fili 'ya'yana goma sha takwas. Yau ɗaya ta faɗi, gwiwarta na jini. Kin ko waiwaye ta?"

Ba ta waiwaya ba. Kunya ta kama ta har ta kasa ɗaga kai.

Washegari ta nemi gidan su Cinatsu. Ta rusuna sosai.

"Da gangan na tare ki. Ki yafe mini."

"Ya wuce," in ji Cinatsu tana dariya. "Amma kafaɗarki kamar ƙofar firji."

Daga nan ta ba Koci haƙuri. Da yamma ta tsaya gaban babanta, ta cire hula ta rusuna.

"Na gode, Alƙali."

"To ci abinci, 'yar wasa."

Koci ya mayar mata da safarta. Da ƙungiyoyin suka sake haɗuwa, Baba ne dai alƙalin zangon, Cinatsu ta sake sheƙowa. Yarinyar ta kafa ƙafa kan fari, ta miƙa hannu, ta cafe ƙwallo kafin Cinatsu ta iso. Cinatsu ta taka ja ta wuce lafiya lau.

Baba ya ɗaga dunƙulen hannu. "Ta fita!"

Murna ta cika yarinyar. Wannan karon da iyawarta ta ci.

Tun daga ranar ta gane cewa doka ta kowa ce. Alƙali nagari ba ya fifita nasa, kuma lafiyar abokin wasa ta fi nasara.