Makullin da ke Ƙugun Yislam

Ana gobe za mu tashi zuwa Sawahil, can ƙetaren teku, surukata ta miƙo min kwanon shinkafa da busasshen kifi.

"Kai wa mijinki bakin teku. Ki ɗaga ƙafa, kada magariba ta same ki."

Na ce to. Ni dama ba na wuce to.

Fari ya cinye garinmu Shihr a shekarar, kowa sai tafiya. Yayar mijina, Shifa, ta riga mu bara, ita da 'yarta, za ta je wurin mijinta a Mombasa. Yislam, mijina, shi ya raka su. Jirgin ya kama wuta a tsakiyar ruwa. Maza suka faɗa teku, masunta suka tsamo wasu. Mata kuwa, ko ɗaya. Yislam ya dawo ya ce wata ce ta kunna turaren wuta a ɗakin mata. Gari ya ɗauka. Har a makoki ana cewa, mata da turare!

Ya kuma dawo da wani ƙaramin makulli ɗaure a ƙugu. Da shi yake wanka. Na gwada shi da ido a kan kowane kwaɗo na gidanmu, babu nasa. Ban tambaya ba.

Na isa rana ta yi ja. Jirginmu yana kwance a yashi, an tokare shi da itace, an shafe cikinsa da man kifi. Ƙarnin ya cika min hanci. Ba kowa sai tsoho Faraj mai gadi, yana alwala can nesa.

"Mijinki ya tafi sayen igiya!" ya ɗaga murya. "Hau ki ajiye masa, 'yata."

Na taka tsani na hau. Buhunan dabino, tankin ruwa, akwatin yashi da ake girki a ciki, ba ko garwashi. A ƙarshen jirgi, ƙasa da inda matuƙi ke zama, ga ɗakin mata. Inda zan kwana gobe. Ƙofarsa a buɗe. Na ce bari in leƙa.

Sai da na sunkuya na shiga. Duhu, ba taga, sai wata 'yar kafa da hannu ba zai wuce ba.

Ƙofar ta rufo a hankali.

Ƙyas. Ƙarar kwaɗo, daga waje.

Na tura. Ko motsi.

Ƙarnin kifi ya ɗauke. Wani wari ya maye shi. Ƙaurin gashi.

Ƙasan jirgin ya fara lilo, jirgin da ke kan yashi. Na ji ruwa yana marin katako. Sama da kaina ƙafafun maza, suna gudu. Sai tsumbul, tsumbul, ɗaya bayan ɗaya. Sai shiru.

Wata ta yi tari a bayana. Wata ma. Yarinya tana kuka ƙasa-ƙasa.

"Bebiya."

Mutum ɗaya ce take kirana haka a duniya.

"Bebiyar amarya, ke ma an kawo ki?" Raɗa take yi, da 'yar dariyar nan tata. "Matso, akwai wuri. Mun ƙanƙance ai."

"Yaya Shifa," na ce. Ban ji muryata ba.

"Wai turare, ko? Wa ya bar mu muka shiga da ko ashana? Tukunyar mai ce ta kife wa mai girki."

Katakon ƙofar ya yi ɗumi. Ya yi zafi.

"Ƙanena ya ce matuƙa ba za su ga fuskar yayarsa ba. Ba su gani ba kuwa. Ya sa mana kwaɗo, ya ɗaure makulli a ƙugu."

Hannuwa suka bi ta gefena zuwa ƙofar. Da yawa. Suna dukanta, suna karta da farce. Wani ƙaramin hannu ya riƙe min zani. Busasshe, kamar gawayi.

"Ya zo har nan. Na ji numfashinsa. Na kira sunansa."

Hayaƙi ya shaƙe ni.

"Sai na ji tsumbul."

Na kama zoben ƙofar. Tafina ya yi cuu.

"Mu mun yi ihu, ba a zo ba. Ke ko ihun ba ki iya ba."

Na buɗe baki.

Ban san ina da irin wannan murya ba. An ce har masallaci an ji.

Faraj ne ya fizgo ƙofar, ya jawo ni waje ina tari. "Ba kwaɗo a jiki, 'yata! Wallahi ko sakata babu!" Ya leƙa ciki, ya ja baya yana a'uziyya. Shi ma ya ji ƙaurin.

A gida surukata ta shafa min zuma a tafi. Ta ce aljanun teku ne, suna aron muryar matattu don su raba gida. Yislam yana tsaye a bakin ƙofa. A kan kayan tafiyarmu na ga abin da ya tafi saye. Ba igiya ba ce. Sabon kwaɗo ne.

"Wannan na wa?" na ce.

"Yau kuma baki ya buɗe?"

"Na ƙugunka fa? Na wace ƙofa ce?"

Hannunsa ya kai wurin kafin ya ankara. Uwarsa ta gani. Ta kau da kai, ta ci gaba da shafa zuma.

"Mutuncinsu na tsare," ya ce a hankali.

"Ka tsare nawa a nan. Ba zan hau ba."

Ya tafi shi kaɗai. Bai saki ba, bai aiko ba. Gari ya ce aljani ya taɓa matar Yislam, shi ya sa take kwana ƙofa a buɗe. Tabon zoben ƙofar nan yana tafina, ya warke fari.

Har yau idan aka tuna jirgin, sai a ce mata da turare. Surukata ma tana faɗa. Kaskon turaren Shifa kuwa yana ɗakina. Da hannunta ta ba ni ranar tafiya, ta ce, "Riƙe, bebiya, an hana mu shiga da shi." Uwarta, surukata, tana zaune a wurin lokacin.