'Yan Rigingine

Ranar da Sharifu ya fara ganin Basira, tana tsugune bakin tabkin Hawandawaki da kwalba a hannu, zanenta duk laka. Shi ɗan kabu-kabu ne, tun aji shida ya bar lakwal. Ita ɗalibar jami'a ce, an ba ta nazarin ƙananan halittun ruwa.

"Malama, nan ba ki samun komi," in ji shi. "Shanu sun dame shi."

Ya kai ta wani kududdufi bayan gonarsu, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba. Ga wasu halittu da ba su wuce gaɓar yatsa ba, jikinsu garai-garai, suna iyo ƙafafu sama.

"'Yan rigingine nike ce musu tun ina yaro," ya ce.

Ta yi dariya har kwalbar ta suɓuce. "Dangin jatan lande ne. Sunansu na littafi ko ni karya mini harshe yake. Naka zan rubuta kusa da shi, da sunanka, kai da ka samo su."

"Ki dai rufa mini asirin wurin nan."

"Na yi alkawari."

Kafin kaka, saƙonta ke tashinsa da safe: "Ɗan rigingine na, ka ci abinci?" Shi kuma: "Malamata, ganinki nike jira."

Da ta kai maganar aure gida, mahaifinta Malam Danda ya ƙi. "Mi ya sani ban da zuba wa moto esansi? Ga Hamidu, ajinku ɗaya."

Da rani ya yi, Sharifu ya ga hoto a waya: Hamidu tsaye cikin busasshen kududdufinsa da shebur, an rubuta shi ya gano wurin. Basira na gefensa. Sharifu ya kashe moto a kan yashi, ya daɗe zaune. Ya rubuta mata: "Abu ɗaya na mallaka, kin ba wani."

Kwana arba'in bai ɗauki wayarta ba. Rannan ta same shi a tasha, idanunta jajir.

"Ni na kai shi. Baba ya matsa mini mu yi aikin tare, na ji tsoro. Na ci amanarka, Sharifu."

"To mi ya kawo ki?"

"Na faɗa gaban malaminmu wurin naka ne. Hamidu ya daina yi mini magana. Ya haƙo ƙasa buhu biyu daga can ƙasa, mun jiƙa don ƙwan halittun su ƙyanƙyashe, ko ɗaya bai fito ba."

Sharifu ya kau da kai. "Tona rijiya ya zo yi? Ƙwansu na cikin ɓawon sama, inda ruwa ya ƙafe a ƙarshe."

Bai ce ya yafe ba. Washegari dai ya kai tafin ƙasar kududdufin gidan Malam Danda, ya zuba a kwano da ruwan rijiya. Bayan 'yan kwanaki tsohon ya sa tabarau ya leƙa, ya ga suna iyo. Basira ta miƙa masa takardarta, ya bi da yatsa: 'yan rigingine, wanda ya samo, Sharifu.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Yaro, turo magabatanka."

Farkon damina aka ɗaura. Cikin kayan amarya har da wannan kwanon, ƙasar ta sake bushewa.

"Ka yafe mini?" ta tambaye shi.

"Zuba ruwa, Malamata."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai riƙon amana.