Dutsen da Ya Yi Tafiya a Maisandari

Insifeto Pindar ya saba da rahoton gawa, ya saba da na bam. Shekarun nan ba su bar wa ɗan sandan Maiduguri abin mamaki ba. Amma bai taɓa karɓar ƙarar dutse ba sai ranar da wata dattijuwa ta shigo caji ofis tana haki, laffayarta na jan ƙasa.

"Yallaɓai, dutse ya yi tafiya."

"Wane dutse, Mama? Fara da sunanki."

"Gumsu. Dutsen iyaka na siminti, wanda gwamnati ta kafa. Da yana gaban katangata, yanzu yana cikin lungu, daidai tsakiyar gidana. Sun shafa mini jan fenti, wai na yi gini a kan titi. Jibi katafila za ta zo."

"Wa ya kai ƙararki ofishin tsara gari?"

"In na sani da a ƙofarsa zan kwana, ba nan ba."

Pindar ya dubi Kofur Garzali. Kofur ya ɗaga kafaɗa. Suka ɗauki mota, suka ratsa shingayen sojoji zuwa ƙarshen Maisandari.

Gidan na ƙasa ne, cike da 'yan'uwanta da suka gudo daga Bama. Mata da yara har zaure. In katafila ta zo, sansanin 'yan gudun hijira kawai ya rage musu. Tsallaken filin da za a yi titin kuwa gida ɗaya ne, da wata 'yar dalbejiya a gabansa.

"Ya Gumsu, kin taɓa ƙara gini?"

"Ni? Ko bulo ɗaya."

Pindar ya shafa bangon ɗakin ƙarshe. Yaɓen sabo ne. Ya nuna mata tafin hannunsa.

Ta sunkuyar da kai. "To, ɗaki ɗaya. Ina zan zuba su, a kaina? Amma wallahi cikin filina ne."

Ya shiga lungu ya tsuguna gaban dutsen. Wuyansa ya goge, ya yi santsi, kamar igiya ta daɗe tana cinsa. Lungun kuwa ko mutum da kyar yake wucewa.

"Me ake ɗaurewa a nan?"

"Akuyata. Amma a ƙofar gida nake ɗaure ta, inda yake da."

Ke nan ta yi ƙarya a kan ɗaki, ta faɗi gaskiya a kan dutse. Kan Pindar ya ɗaure. Wa zai ɗauki dutse don ya ture gidan kansa?

A ofishin tsara gari suka sami safiyo mai awon filaye da ya shafa fentin, wani siriri mai suna Manasse.

"Ka auna filin?"

"Da na'ura, yallaɓai. Tsaf."

"Kofur ya tambayi mai gadinku. Ya ce na'urar tana wajen gyara tun kafin azumi."

Manasse ya cire tabarau ya goge. "Ranar an yi ta harbi ta wajen. Kai ma da ba ka tsaya ba. Na ga dutse a ɓangarenta, na ga ɗan'uwansa a tsallake, faɗin titi ya cika daidai. Na shafa fenti na kama gabana."

"Faɗin ya cika?"

"Cif."

To, ba dutse ɗaya ne ya yi tafiya ba. Biyu ne, an ja titin gaba ɗaya zuwa kan Gumsu.

"Wa ya kawo ƙarar?"

"Maƙwabcinta na tsallake. Ana kiransa Ba Ajimi, tsohon tela ne."

Da la'asar suka same shi a zaure, yana riƙe da zare da allura. Ya tarbe su da sannu ta Barebari, ya sa aka kawo ruwa.

"Baba, kai ka kai ƙarar Ya Gumsu?"

"Ni ne. Rediyo ya ce kowa ya ga gini a kan hanya ya faɗa."

"Dutsenka fa? Tun yaushe yake bayan bishiyar can?"

"Tun da aka kafa shi. Ni da ciwon baya, ina ni ina ɗaukar siminti?"

Pindar ya fita. Dab da ƙofar zauren akwai wani wuri da ƙasa ta lotsa. Ya danna dugadugin takalminsa, ya nutse. Tsohon ramin dutsen ke nan, an cike shi da yashi.

Ya sami mai laifi, amma bai sami dalili ba. Filin da Ajimi ya ci bai kai a yi shago ba. Babu tubali, babu harsashin gini, babu komai sai 'yar bishiya da jiƙaƙƙiyar ƙasa a gindinta. Mutum zai rushe gidan maƙwabciyarsa saboda dalbejiya, a garin da dalbejiya ta fi mutane yawa?

Rana na dukan Kofur Garzali. Ya nufi inuwar bishiyar yana fifita da hularsa.

"Kai! Kai, ɗan nan, tsaya!"

Ajimi ne. Mai ciwon baya ya taso da gudu. Da ya zo gab da bishiyar sai ya tuɓe takalmansa, ba tare da ya san ya yi ba, ya tare Kofur da hannu biyu.

Gumsu ta fito ƙofarta.

Pindar ya dubi takalman, ya dubi ƙasar. Wani ɗan tudu ne mai tsawo, kwance daga kudu zuwa arewa, ruwan sama ya kusa shafe shi. Ya ga irinsa da yawa a shekarun nan.

"Baba," ya ce a hankali, "wa ke kwance a nan?"

Ajimi ya durƙushe.

"Nuraddeen. Ɗana."

Gumsu ta dafe ƙirji. "Nuraddeen da ka ce ya tafi Ikko?"

"Shekarar da aka rufe unguwa ne. Ya leƙa neman ruwa, harsashi ya same shi a ƙofa. Ban san na wa ba ne. Ba fita, ba maƙabarta. Kuma duk wanda aka gani da gawar saurayi, sai a ce ɗan ta'addan daji ne, a haɗa da uban. Ni na wanke shi, ni na sallace shi, ni na haƙa. Da na ji za a yi titi, na ga motoci za su bi ta kansa. Ran da aka sake hana fita na ja duwatsun da baro."

"Sai ka miƙa musu gidana?"

"Na ɗauka sabon ɗakin kawai za su cire, Ya Gumsu. Da na ga fentin a katanga duka, bakina ya mutu."

Pindar ya kira Manasse a waya. Kafin magariba ya iso da aron na'ura, ya auna, ya sake aunawa. Gidan Gumsu har da sabon ɗakin yana cikin filinta. Ya ce gobe zai soke zuwan katafila, amma dai ta zo ta nemi izinin ɗakin.

Sannan ya juya ga Ajimi. "Baba, da ka faɗa mana. Ana kiran malamai a tone shi a kai maƙabarta. Mun sha yi."

Ajimi ya daɗe yana kallonsa. "In faɗa wa wa?"



Kofur ya ciro ankwa. Pindar ya girgiza kai, ya kama hannun tsohon da kansa zuwa mota. Laifin ture dutsen gwamnati ne, da ƙarar ƙarya. A takarda abin a fili yake. A ransa ne ya ƙi zama.

Da motar ta juya, ya duba madubi. Gumsu ta tsallaka filin da buta a hannu. A gefen bishiyar ta tsaya, ta tuɓe takalmanta kusa da na Ajimi.